Gasar Juriya ta Dawaki: Tambayoyi da Amsoshi kan Haƙƙin Doki, Alhakin Mahayi da Adalcin Alƙalai

Masu dawaki a Sakkwato sun saba da sukuwa da kilisa da hawan salla. Gasar juriya kuwa, wadda ake kai doki tafiyar wuni guda likitoci suna tare shi a hanya suna dubawa, yawancinmu a waya muke kallonta. Tambayoyin nan su ne ke yawan dawowa a barga da wurin hira, musamman daga masu tunanin mayar da doguwar kilisa ta zama gasa mai doka.

Mece ce gasar juriya, kuma ina ta bambanta da sukuwa?

Sukuwa gudu ce ta 'yan mintoci, wanda ya riga tsallake layi ya ci. A gasar juriya mahayi ɗaya da doki ɗaya ne za su ci dogon zango, mafi girmanta kilomita 160 a wuni guda, wato ta ɗan zarce tafiya daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Ana raba hanyar kashi biyar ko shida, babu kashin da ya wuce kilomita 40, kuma a ƙarshen kowane kashi akwai zangon likita. Dokin da likitoci ba su gamsu da shi ba, nan tafiyarsa ta ƙare.

Gasar a tsarinta na yau ta samo asali ne a Amurka, inda aka fara Kofin Tevis a jihar Kalifoniya a 1955, mil 100 a rana ɗaya. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, mai hedikwata a birnin Lozan na Siwizalan, ta karɓe ta cikin wasanninta a 1982, aka yi gasar duniya ta farko a Italiya a 1986. A dokar wannan hukuma ba a shiga da bulala, ba a ɗaura kaimi, kuma dokin da bai kai shekara 8 ba ba ya shiga ta kilomita 160.

Me likitoci suke dubawa a zangon likita?

Da mahayi ya iso zai sauka, a kwance majayi a cire sirdi, a yi ta zuba wa dokin ruwa, sannan a ja shi gaban likita. Likita zai fara da bugun zuciya. Daga nan ya ɗaga leɓe ya duba dasashi, ya danna da yatsa ya ga ko jan zai dawo cikin daƙiƙa biyu. Ya tsunkuli fatar kafaɗa ya saki: idan ta koma nan take akwai ruwa a jiki, idan ta tsaya a tattare dokin ya bushe. Ya kara abin sauraro a ciki ta ɓangarorin biyu ya ji ko hanji na motsi, domin cikin da ya yi tsit abin tsoro ne. Ya shafa gadon baya da inda majayi ke zama ko akwai miki, ya duba kusurwar baki ko linzami ya yanka.

Ƙarshe sai a ja dokin da ragama ya yi sassarfa mita 40 ya juyo. Duk abin da aka gani ana rubuta shi a katin dokin, katin kuma yana bin sa zango zuwa zango, don likitan gaba ya san yadda na baya ya bar shi. Wanda ya tsallake zai yi hutun dole, yawanci minti 30 zuwa 50, ya ci ya sha kafin a mayar da sirdi.

Me ya sa aka kafe a kan bugun zuciya 64?

Doki mai lafiya da ke tsaye a turke zuciyarsa tana buga 28 zuwa 44 a minti. A guje takan wuce 150. Saurin saukarta bayan an tsaya shi ne ke nuna ko jikin yana iya ɗaukar aikin. Dokar FEI ta ce sai ta sauko zuwa 64 ko ƙasa cikin minti 15 a zangunan tsakiya, cikin minti 20 a zangon ƙarshe. A zangon tsakiya agogon mahayi bai tsaya ba sai an gabatar da dokin ya cika wannan sharaɗi, saboda haka wanda ya shigo a sukwane yakan yi asarar lokacin da ya ci a hanya yana jiran zuciya ta sauka.

Akwai kuma wani gwaji da likitan dabbobi Kerry Ridgway ya yaɗa: a ƙirga bugun, a sa dokin sassarfa ya je ya dawo, a sake ƙirgawa bayan minti ɗaya da fara sassarfar. Idan na biyu ya haura na farko da yawa, gajiya ta shiga. Amfanin adadi shi ne ba ya sanin fuskar kowa. Sai dai ana iya yi masa zamba da maganin da ke danne bugun zuciya, shi ya sa ba a dogara da shi kaɗai. Duba amsar da ke kan magunguna.

Wani likita ya ce dokina yana ɗingishi, wani ya ce ba ya yi. Maganar wa za a ɗauka?

Nan ne aka fi rigima, domin ɗingishi shi ne ya fi komai cire dawaki daga gasa, kuma ido ne ke hukunta shi. Mai doki zai ce, “Likita, dokin ga lahiyatai lau, hakanan tahiyatai take tun yana duƙushi.” Wani lokaci ma gaskiyarsa ce. Akwai dokin da ke da wata irin tafiya ta halitta, shi ya sa ake duba kowane doki tun kafin a tashi, a rubuta yadda yake taka ƙasa.

Tsarin FEI shi ne, idan likitan farko ya yi shakka, sai a sake sassarfar a gaban likitoci uku. Kowannensu ya rubuta nasa a asirce, ba tare da sun yi shawara ba, a miƙa wa alƙali, abin da biyu suka tafi a kai shi ne hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Hikimar sirrin ta fi amfani a wurinmu. Ƙaramin likita ba zai iya buɗe baki ya saɓa wa malaminsa a bainar jama'a ba, kuma mutum ɗaya ba zai ɗauki nauyin cire dokin wani babba shi kaɗai ba. Ana iya kuskure duk da haka. Amma dokin da aka cire bisa kuskure gobe yana nan, wanda aka bari ya ci gaba da tsagaggen ƙashi kuwa mai yiwuwa ba zai koma barga ba. Idan shakka ta tsaya tsakanin kofin mahayi da ƙafar doki, a fifita ƙafar.

Na riga kowa isowa, aka ce ban ci ba. Wannan adalci ne?

Adalci ne, muddin an faɗi dokar tun kafin a tashi kuma an yi wa kowa aiki da ita. Tsallake layi rabin sharaɗi ne. Sauran rabin shi ne dokin ya wuce duban ƙarshe a matsayin wanda zai iya ci gaba da tafiya da a ce akwai saura. Ba don haka ba, da kowa ya ƙarar da dokinsa a kashin ƙarshe tun da ya san babu likita a gaba. A manyan gasanni na kilomita 160 ba baƙon abu ba ne a cire fiye da rabin waɗanda suka tashi, kuma cikinsu har da gwanaye.

Inda zalunci ke shigowa shi ne a sassauta wa wani minti biyu a hana wani, ko a canja ma'auni bayan an ga wanda ke gaba.

Likita ya ce dokina ya wuce, sai ya faɗi a hanya. Laifin wa?

Likita ya ga dokin na 'yan mintoci ne. Kai ne ke bisansa awa biyu ko uku tsakanin zango da zango, kai ke jin sa a cinyoyinka da hannunka. Sa hannun likita shaida ce a kan halin da dokin yake ciki a lokacin da aka duba shi, bai ɗauke maka alhakin abin da ya biyo baya ba. A dokar FEI mahayi shi ne mutumin da ake kamawa da alhakin doki, kuma ana rubuta masa makin laifi idan aka cire dokinsa saboda jikinsa ya gaza ko ya ji mummunan rauni. Wanda ya tara maki 100 ana dakatar da shi wata 2.

Wannan bai wanke likita ba. Idan katin ya nuna dasashi ya bushe, ciki ya yi shiru, amma aka sa hannu, to shi ma da tambayar da zai amsa. Haka masu shirya gasa idan sun bar hanya babu ruwa. Alhaki yana rabuwa, amma kason mahayi ba ya faɗuwa.

Waɗanne alamu ne ya kamata in gani kafin likita ya gani?

Dokin da ya saba jan linzami sai ka ji ya saki, kana matsa shi kafin ya motsa. Kunnuwa sun kwanta gefe. Ya fara tuntuɓe a inda babu dutse. Kun iso ruwa ya ƙi sha, an miƙa harawa ya kau da kai. Ga zafi amma gumi ya ɗauke, fata ta bushe tana ƙuna. Fitsari ya fito kamar baƙin shayi, alamar tsokar jiki ta lalace kuma ƙoda na cikin haɗari. Kwiɓi yana zillo daidai da bugun zuciya, abin da ke nuna gishirin jiki ya zube. Ko ya riƙa waiwayen cikinsa yana son kwanciya. Ko ɗaya ka gani, sauka, sassauta majayi, nemi inuwa, aika a kira likita.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne doki yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a awa guda cikin zafi, kuma guminsa na ɗauke da gishiri mai yawa, har jikin ya bushe ba tare da ƙishirwa ta dame shi ba. Saboda haka “ai bai nemi ruwa ba” ba hujja ba ce. Kuma a daina tsoron zuba wa doki mai zafi ruwan sanyi. Binciken da aka yi gabanin gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ya nuna yawan zuba ruwan sanyi a duk jiki shi ne hanya mafi sauri ta sauke zafi, kuma ba ya cutarwa.

Dokin na maigidana ne, shi ya ce in kora shi. Ni ma za a kama ni?

Za a kama ka, domin hannunka ke kan linzami. Amma hukuncin da ya tsaya a kan yaron barga kaɗai gurgun hukunci ne. Kowa ya san yadda abin yake: yaro yana cin abinci a gidan Alhaji, Alhaji ya kira shi gefe ya ce, “Kada ka ba ni kunya yau.” Da wane bakin zai ce, “Ranka ya daɗe, akawal ɗin nan ya gaji, a bar shi”? FEI ta gane haka, shi ya sa a gasar juriya kowane doki sai an yi masa rajista da sunan mai horar da shi, kuma shi ma ana hukunta shi. Duk wanda aka tabbatar da hannunsa, mai doki ne ko mai ba da magani, yana iya shiga ciki.

Ga masu dawaki, hanya mafi sauƙi ita ce a faɗa wa yaro a gaban mutane tun kafin a tashi cewa idan ya janye dokin don lafiyarsa ba zai rasa ko kwabo daga abin da aka yi masa alkawari ba. Wanda ya san ladarsa tana nan shi ne zai iya faɗin gaskiya.

An samu magani a jinin dokina, ni kuwa ban ba shi komai ba. Yaya ke nan?

A wannan babi ba a tambayar niyya tukuna. Da zarar an samu abin a jini ko fitsari, sakamakon gasar ya tafi, sannan kai ne za ka nuna ta inda ya shiga kafin a duba ko za a rage maka hukunci. Jerin FEI kashi biyu ne. Akwai abubuwan da aka haramta ɗungurungum, hukuncinsu dakatarwar shekara 2. Akwai magungunan jinya na halal, irin su phenylbutazone mai kashe ciwo, waɗanda laifinsu shi ne a same su a jikin doki ranar gasa, hukuncinsu ya fi sauƙi.

Tsaurin yana da dalili. Ciwo shi ne ke sa doki ya rage gudu ya ceci ƙafarsa. Idan aka kashe masa jijiya da allura, zai yi sassarfa sumul a gaban likitoci uku, ya fita ya taka tsagaggen ƙashi har ya karye. Saboda haka ne aka shigo da gwajin taɓa ƙafa don a ga ko tana jin zafi. A barga kuwa, a ware bokitin dokin da ke shan magani, a rubuta duk allurar da aka yi da ranarta, a san abin da ke cikin kowane jiƙo. Ko goro yana ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke cikin jerin.

Duk dokin da ya karye ko ya mutu a gasa, an zalunce shi ke nan?

A'a. Doki yana iya faɗawa rami ko ya zame, komai kulawar mahayinsa. Shi ya sa ake binciken gawa da gwajin jini kafin a ɗora laifi. Ga misali da ya girgiza masu wannan wasa. A watan Oktoba 2016, a Fontainebleau ta Faransa, wani doki mai suna Castlebar Contraband ya karye a ƙafar gaba, aka yi masa allurar ƙarasawa don a hutar da shi. An samu maganin xylazine, mai kwantar da dabba da kashe ciwo, a jikinsa. A 2020 kotun FEI ta dakatar da mahayin, ɗan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, shekara 20. A 2021 kotun wasanni ta duniya, CAS, ta soke hukuncin, ta ce hujjojin da aka kawo ba su kai su tabbatar da laifin ba.

Mutane da yawa sun ji zafin wannan, kuma zafin yana da tushe, domin doki ya mutu babu wanda ya amsa. Amma darasin na masu bincike ne: a ɗauki jini da wuri, a rubuta duk abin da likitan gaggawa ya yi wa dokin, a adana gawar yadda ya kamata. Hoton da ke yawo a WhatsApp yana iya tayar da bincike, amma ba ya isa a yanke wa mutum hukunci da shi.

Ana taɓa manya kuwa, ko dokar ta talaka ce?

An taɓa su. A watan Maris 2015 FEI ta dakatar da hukumar dawaki ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa gaba ɗaya, ƙasar da ta fi kowa zuba kuɗi a wannan wasa, saboda halin da dawaki ke shiga da kuma karya doka. Kafin nan, hoton wani doki da ya karye ƙafafun gaba biyu a wata gasa a Abu Dabi a watan Janairu ya zagaya duniya, kuma an gano sakamakon wasu gasanni da ba a ma yi su ba. An dawo da ƙasar a watan Yuli bayan ta sa hannu a kan sharuɗɗa.

A gida, maganin jin nauyi shi ne tsari. Likitan da ke duba dawakin wani a barga kada ya zama alƙalin dokinsa ranar gasa. Kada mai ɗaukar nauyin gasa ya zaɓi likitoci idan dokinsa na ciki. A kira doki da lambarsa. A bar hukuncin ɗingishi ga ƙuri'ar mutum uku da aka bayyana a sama.

Mai kuɗi ya zo da ƙanƙara da ma'aikata goma, ni da bokiti biyu. Ina daidaito?

Ƙorafin gaskiya ne, domin saurin sanyaya doki yana rage lokaci a zango. Ana rage gibin da ƙayyade yawan masu hidima ga kowane doki, da ajiye ruwa da inuwa na kowa da kowa, da hana motoci bin dawaki a hanya. A gasar duniya ta manya an kuma sa mafi ƙarancin nauyin mahayi, kilo 75 har da sirdi, don kada a riƙa neman ƙananan yara marasa nauyi.

Abin da ya fi tasiri shi ne inda aka ajiye kyauta. A Kofin Tevis, tun 1964 ake ba da Kofin Haggin ga dokin da ya fi ƙoshin lafiya cikin goman farko, kuma masana suna girmama shi ƙwarai. A Boudheib ta Abu Dabi, Sheikh Sultan bin Zayed ya ƙayyade gudu, ya mayar da mafi yawan kyautar ga lafiyar doki. Mai bokiti biyu da ya san dokinsa yana iya cin irin wannan.

Yaushe ya kamata a soke gasa saboda zafi?

A ranar 12 ga Satumba 2018, a gasar dawaki ta duniya a Tryon ta Amurka, an ɓatar da wasu mahaya hanya tun da asuba, aka sake tashi a kan kilomita 120, sannan aka soke gasar ana tsaka da ita saboda zafi da damshin iska bayan ruwan sama. 'Yan Sifaniya ne ke gaba, ba a ba kowa lambar yabo ba. Sun yi asara ba da laifinsu ba, amma dawaki da yawa suna ƙarin ruwa a asibitin filin a lokacin. Bayan nan ne aka kafa kwamitin da ya sake dokokin da suka fara aiki a 2020.

A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce maki 40, bai kamata a sa doguwar gasa a bazara ba sam. Damina ma tana da nata haɗari, domin idan iska ta jiƙe gumi ba ya bushewa, jiki ba ya sanyi. Hunturu ya fi, a tashi bayan sallar asuba, a lura da ƙura. A rubuta tun farko wane ne ke da ikon tsayar da gasa da kuma yadda za a yi da kyauta idan an tsayar.

Me addini ya ce?

Tseren dawaki halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya sa tsere tsakanin dawakin da aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma ya ba su gajeren zango, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Wato nisa gwargwadon shirin doki. Abu Dawud kuma ya ruwaito umarnin a ji tsoron Allah game da dabbobin da ba sa magana, a hau su suna da lafiya. Dokar Penal Code ta Arewa ma ta daɗe da haramta azabtar da dabba da hawanta fiye da kima.

Idan muna son shirya irinta a Sakkwato, da me za mu fara?

Da gajeren zango, kilomita 20 zuwa 40, da ƙayyadadden gudu, don dawakinmu na sukuwa da hawa ba a horar da su ga doguwar tafiya ba, kuma ƙashi da jijiya sun fi zuciya jinkirin ƙarfafa. A nemi likitoci aƙalla uku; Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa. A ware wani likita daban don jinya, da ruwan ƙari da motar ɗaukar doki. A rubuta dokar da Hausa, a karanta ta a gaban masu dawaki da mahaya kafin a tashi: bugun zuciya nawa, minti nawa, wa ke da ikon cirewa. A yi wa kowane doki kati, a ajiye shi bayan gasa, a kuma sa hutun dole. A FEI dokin da ya gama kilomita 160 sai ya huta kwana 33 kafin ya sake shiga wata, wanda aka sha cirewa don ɗingishi ko gazawar jiki kuma ana ƙara masa kwanaki a kan nasa.